Ɓerayen Balkisu, Waɗanda Wuƙa Ba Ta Taɓa Ba

Zuwa ga Uwar Balkisu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta addini, ina fatan makwancinki da sanyi da yalwa. Balkisu ke rubutawa, ni nika faɗi, na kuma hana ta gyara mini magana.

Shekara tara ke nan ban taka garinku Fakku ba, tun addu'ar ukunki. Ƙanenki Garba ya zo Tambuwal har sau biyu, ban fito ba. Shi ya ɗauke ki zuwa Sakkwato ba da yawuna ba, aka yanke nonon. Ni ko tun ina yaro nika jin ba a taɓa ciwon daji da ƙarfe, in an taɓa sai ya watse. Bayan wata takwas ya fito miki a baya, sannan a huhu. To wa zan kama in ba Garba ba?

Shekaranjiya ɗiyarki ta zo hutu daga jami'ar da take bincike. Muna ƙarƙashin darbejiya bayan la'asar, ta buɗe mini kwamfuta. Ɓeraye ne, Uwar Balkisu, farare, kwance a jere, an ba su maganin barci. Ni na ƙare rayuwata ina kashe su a rumbu, ita abinci take ba su! Ta ce ana sa musu ciwo irin naki a nono, a yi mishi dabara ya riƙa haske, a sa su cikin akwati mai duhu, duk mako a ɗauki hoto.

Hoton farko ɗigo ɗaya ne, shuɗi. Na gaba ya yi ja a tsakiya. Can sai ga wani ƙarami ya kunnu a ƙirji, wani a ƙashin baya, kamar wutar sharar gona in ka hango ta nesa-nesa. Na daina jin kukan kaji. Sai nika ganinki kina tafe daga rijiya, tulu bisa kai, ƴan fitilun nan na tafiya a hankali cikin jikinki, kina dariya, ba ki sani ba, ni ma ban sani ba.

Na tambaye ta wa ya yanka wanga ɓera. Ta ce babu wanda ya taɓa shi da wuƙa. Na sake tambaya. Ta ce ciwon da kanshi yake tashi ya bi jini, wani lokaci tun ba a fara jin zafi ba.

Kafin Garba ya ɗauke ki, shekara guda na yi ina kai ki Sanyinna wajen mai magani, ana shafa miki saiwa. Wannan ban tambaye ta ba. Ita ko ta rufe kwamfutar.

Kin sha ce mini, “Malam, kanka ya fi turmi tauri.” Ba cewa na yi ɓera ya fi ni sani ba, a'a. Amma an ce idon Garba ya yi rauni, ƙafa ma ta ƙi, kuma daga ni har shi babu yaro. Ran Jumma'a zan hau mashin in tafi Fakku wajenshi. Ban iya ba da haƙuri ba, kin sani. Zan dai yi sallama in zauna, in roƙe shi ya gaya mini abin da kika ce kafin a shiga da ke ɗakin aiki. Ranar ina gida ina fushi, ban kuma taɓa tambaya ba.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya sa ciwon nan ya zama kankarar zunubi. Allah Ya sa in iske Garba da rai, Ya kuma sassauta mini harshe in na isa.

Mijinki,
Mamman