Hotonka Ne, Amma Sunan Salim Ke Ƙasa

Daga ofishin Babban Sakataren Majalisar Tsofaffin Zakarun Ƙwallon Kwando ta Gabas da Yamma, hawa na ashirin, Jidda.

Zuwa ga mai girma Alhaji Idrisu, wanda mutanen Jidda suka sani da Manara, wato Hasumiya, mazaunin Haɗeja a halin yanzu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da manya, da fatan gwiwa ta yi sauƙi, tuwon dawa kuma ya fara shiri da cikinka bayan shekarun da ka yi kana cin shinkafa da kifi. Majalisa na roƙon 'yarka Hajiya Rabi, wadda muka san ita ke karanta maka saƙo, ta karanta wannan har ƙarshe, ko da ka ɗaga hannu ka ce halas. Mun sa takardar a fili inda kowa zai gani, domin labari ya iso mana cewa duk lambar da ta fito daga Jidda ba ka ɗauka.

Majalisa ta zauna, ta sha shayi, ta binciki tarihinka. Ga abin da ta samu. In akwai kuskure, ka kira ka gyara.

A nan Jidda aka haife ka. Iyayenka sun taho aikin hajji a ƙasa, suka zauna. Ka tashi ba ka da takarda ko ɗaya, sai tsawo. Kana saurayi lodin kankana kake yi a kasuwar kayan gwari. Ka duƙa, ka riƙo ta da hannu biyu daga tsakanin gwiwoyi, ka cilla sama, wanda ke kan mota ya cafe. Ba a yi wa kankana ƙarfi, fashewa take. Lallaɓa ta ake yi, ta tashi a hankali ta sauka a hannun mutum. Wata rana wani Bamisre mai koyar da ƙwallon kwando ya zo sayen guda ɗaya, ya tsaya kallonka har ya manta abin da ya kawo shi.

Da ya ce za a riƙa biyanka don ka yi wasa, ka ɗauka zolaya ce. Mahaifiyarka kuwa cewa ta yi duk wanda ya biya ƙato don ya yi wasa, akwai abin da yake nema. A lokacin Takari dako suka sani, da wanki, da ɗinki. Kana cikin na farkon da suka ajiye dako suka ce ƙwallo ce sana'arsu, safe da yamma.

Filin na siminti ne, ba rufi, kwandon ma wani maƙeri ne ya lanƙwasa. Takalmin da zai shige ka babu shi a duk kasuwar Balad, sai aka yanke bakin wani, yatsunka a waje suna shan iska. Bamisren ya sha wahala yana koya maka jifa daga saman kai yadda ake yi, ƙwallo na dukan allo tana dawo maka. Ranar wasan farko aka yi maka ƙeta, aka ba ka jifa biyu ba mai tare ka. Ka dubi kwando, ka duƙa, ka sauke ƙwallo tsakanin gwiwoyi. 'Yan kallo suka fashe da dariya. Ta shiga. Ka sake, ta shiga. Daga ranar Bamisren bai ƙara gyara maka hannu ba.

Kun yi tafiye-tafiye a bayan motar kaya, Makka, Ɗa'ifa, Madina, ƙafafunka na reto a waje don ba inda za a naɗe su. Ƙungiyoyin da suka yi maka dariya daga baya su suka riƙa gargaɗin 'yan wasansu kada su taɓa ka kusa da kwando.

Sai dai akwai abin da jarida ba ta sani ba. Ba a shiga gasa sai da katin ɗan ƙasa. Maƙwabcinku a unguwar Bagdadiyya Takari ne kamar ku, amma kakansu ya samu takardar zama ɗan ƙasa tun da wuri. Yana da ɗa sa'anka, Salim, gajere, mai ciwon ƙirji, wanda ko gudu ba ya yi. Uban ya kawo katin ɗansa ya sa a hannun ubanka, ya ce aro ne, amana ce, kada bakin kowa ya faɗa. Aka liƙa hotonka a takardar ƙungiya, aka rubuta Salim. Duk shekarun da ka yi kana wasa, Salim filin ke kira. Shi kuma Salim na gaskiya yana shagon ubansa yana auna gahawa, yana jin sunansa a rediyo. Ranar da kuka ci kofi, baƙi daga nesa gidansu suka je barka, kai kana ƙofar gidanku kana jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi. Manara ɗin ma 'yan unguwa ne suka sa maka, don su samu abin kiranka da ba ƙarya ba ne, ba kuma tonon asiri ba.

Ka riƙe amanar. Gwiwa ta ƙare, ka koma gadin sito a Unguwar Masana'antu, ka ci gaba da riƙe ta.

A nan majalisa za ta ɗan sassauta rawani. Akwai wani mambanmu, yaro mai hankali da ladabi, wanda ya tashi a gidanka na unguwar Waziriyya. Ya ce kullum bayan la'asar kakan zauna a ƙofar gida, ka murƙushe takardar burodi, ka jefa a kwandon shara daga nesa, da hannu biyu, daga ƙasa. In yara sun yi dariya ka ce, "Ku yi ta dariya, ai ta shiga."

Ya taɓa tambayarka ko da gaske ka yi ƙwallo, ina hoto, ina kofi. Ka ce, "Kankana na yi lodi. Tashi ka ɗauko allonka." Matarka Hajiya, Allah ya jiƙanta, ita ta riƙa ba ni labarin a kicin, ƙasa-ƙasa, tana yanka albasa. Takan ce, "In ka gaya wa tsohon nan, aurena da kai ya mutu." Ban gaya maka ba, Sidi, kamar yadda jikoki ke kiran kaka a nan. Ka ga ni ma na iya riƙe abu in na ga dama.

Sai sito ya rufe, kafili, wanda ya tsaya maka, ya ce ba zai iya sabunta maka takardar zama, wato iƙama, ba. Wani ya ba ka shawara, ya ce in aka samu shaidar ka yi wa garin nan wasa, ana iya duba lamarinka. Shaidar kuwa ɗaya ce a duniya, bakin Salim, don ubansa ya rasu, naka ma ya rasu. Ka sa farar riga, muka tafi Bagdadiyya ni da kai. Hawa uku ka yi da wannan gwiwar. Ka ƙwanƙwasa sau uku. Muna jin tari a ciki. Ba a buɗe ba, kai kuma ba ka yi na huɗu ba. Muka sauko muka koma gida. Ba a daɗe ba ka hau jirgi zuwa ƙasar da ba ka taɓa gani ba sai a bakin mahaifiyarka.

Ko a ranar ba ka faɗa ba. Da ka so, da ka tsaya a tsakiyar titi ka faɗa, akwai tsofaffin da za su ce ƙwarai haka aka yi.

Makon jiya ɗan Salim ya yi ta tambaya har ya same ni a wurin aiki, ya kai ni gidan. Wannan karon an buɗe. Sidi, Salim ya ƙare. Yana kwance da robar iska a hanci, a kan gadon bai fi yaro ba. A saman kansa hotonka ne, ka duƙa, ƙwallo tsakanin gwiwoyi, a ƙasa an rubuta sunansa. Jikokinsa sun tashi suna zaton kakansu ne, wai tsufa ne ya ƙanƙance shi. Wane irin tsufa ne wannan da ke cinye rabin mutum? A gabana ya tara su ya gaya musu ko hoton waye.

Ga saƙonsa. Ya ce ranar da ka zo yana bayan ƙofa, hannunsa a kan mariƙi. Tsoro ya ji, kada a ce an yi wasa da kati a taɓa takardun 'ya'yansa. Ya ce tun ranar bai yi sallar da bai tuna ƙwanƙwasar nan ba. Amanar ta ubansa ce, shi ya gaje ta, ya ce ya sauke maka ita, a rubuta a fili da sunansa kowa ya karanta. Na karanta masa takardar nan layi-layi kafin in saka ta. Da na zo wurin gajere mai ciwon ƙirji ya yi dariya har sai da aka gyara masa robar.

Ba ya neman ka dawo. Ya san maganar iƙama ta wuce, abin da ya hana ka ba zai iya mayar maka ba. Muryarka yake so ya ji. Ya ce in zagi ne ka zage shi, zai fi masa wannan shirun. Likita kuma bai ba 'ya'yansa dogon fata ba.

Na san ka. Yanzu ka juya fuska bango kana cewa Gwaggo Rabi ta kashe waya, na kuma san ba za ta kashe ba. Kuma na san za ka ɗauka. Ban manta ba, washegarin zuwanmu Bagdadiyya Babana ya fara zagin Salim a tsakar gida, ka buga sanda a ƙasa ka ce, "Katin ubansa ya ciyar da ku. Ku rufe mini baki." Fushi kake yi, na yarda, kuma kana da gaskiya. Amma lokacin da ya rage bai kai tsawon fushinka ba.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sassauta maka gwiwa. Allah ya jiƙan Hajiya da ke kwance a ƙasar Jidda, ya haskaka makwancinta. Allah ya ba Salim sauƙi, ya sa ku gama da juna a nan duniya tun kowa na jin muryar ɗan'uwansa. Amin.

To, saura gaskiya. Babu wata majalisa. A kan tsohuwar taya nake zaune, a shagon faci na Waziriyya, hannuna duk baƙin mai. Babban Sakataren ko aji ɗaya na boko bai shiga ba, allo ya yi, wannan rubutun ma a waya ya koya. Ni ne na zuba maka gishiri a shayi ranar sallah. Ni ne na ɗinke hannun rigarka kana barcin rana, ka daki yayana a banza. Na naɗa rawanin ƙarya ne don na san in aka ce daga Bilya ne za ka ce a ajiye, wani shaƙiyancin ne.

Wallahi wannan karon ba shaƙiyanci ba ne. Ranar Juma'a, da kun sauko daga masallaci, ina gefen gadonsa. Lambata ce za ta shigo. Ka ɗauka, ka fara da zagina in ka ga dama, na saba, sannan in miƙa masa.

Jikanka mara kunya,
Bilyaminu