Ƙaramin Akwatin Wara

El Alto, 27 ga Janairu

Zuwa ga ɗana Wilmer,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da matarka Delia da jikana sarkin ƙiriniya. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa albarka a ɗinkin da kuke yi a São Paulo. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata da ke mita duk ranar da aka yi ruwa.

Zancen ƙanwarka Wara ne ya sa na ɗauki biro. Ka san tun da ta gama digirin digirgir take neman aikin binciken nan na shekara biyu da jami'o'i ke ba sababbin daktoci. Kullum tana gaban kwamfuta tana karanto mini guraben: wannan na masana taurari ne, wancan na masu tarihi, ga na masu haɗa magani. Na ce mata ita da ta ƙare ƙuruciyarta wajen leƙen kwaɗin tafkin Titicaca, wa zai neme ta? Ashe akwai masu irin haukarta. Wata jami'a a Mexico ta ɗauke ta, suka ce ta ba da amsa kafin ƙarshen wata. Sai yarinyar nan ta yi ta jan ƙafa. Kawunka Severo ne ya tsegunta mini cewa ƙi za ta yi, wai ba za ta bar ni ni kaɗai ba.

Laifina ne, Wilmer. Shekara shida ke nan, duk bikin Alasita, in ana sayen 'yan mitsi-mitsin kayan da ake fatan samun na gaskensu, ɗan ƙaramin gida nake saya mata, da ɗan zakara don ta sami miji. Ta karanci zuciyata sarai, ta san so nake ta zauna kusa da ni.

To, ranar bikin da tsakar rana na ja gwiwata zuwa rumfar Doña Fermina mai sayar da kayan bikin. Tana hango ni ta miƙo zakara, tana tsokanata wai na tara shida babu wanda ya yi cara. Na ce ta riƙe tsuntsunta, ta ba ni akwati da fasfo. Ta tambaye ni ko tsufa ne ya fara taɓa ni. Aka turara su, aka sa musu albarka, na kai gida na ajiye kusa da kwanon miyar gyaɗar Wara. Akwatin bai fi kwalin ashana ba, amma tana ganinsa ta fashe da kuka. Ni ma na yi, ba zan ɓoye maka ba. Na ce mata zomo ba ya kamuwa daga zaune, kuma ban haife ta don gadin gwiwa ba. Jiya ta rubuta musu ta amince, a watan Afrilu za ta tafi.

Severo da Wara suna gaishe ku. Ka gaishe mini da Delia, ka ja wa jikana kunne. Kada ka damu da ni. Abin da ban gaya mata ba, akwati biyu na saya, ɗayan nawa ne, yana ƙarƙashin matashina. Zakaru sun ba ni kunya, amma ina kyautata wa akwati zato.

Mahaifiyarka,
Eusebia