Gizagon Inna Larai

Gyadi-Gyadi, Kano
6 ga Yuni, 1999

Zuwa ga Yayana Abdurrahman,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar girmamawa irin wadda ƙane ke yi wa wansa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Hajiya Hasana da yara, Ya kuma sauƙaƙa muku zafin Jidda da nauyin aiki. Mu nan lafiya muke, alhamdu lillahi. Ciwon gwiwar maiɗakina Binta ya yi sauƙi, har ta koma zuwa kasuwar Tarauni da ƙafarta. Ruwa ya sauka sau biyu, na biyun da ƙarfi. Ka dai ji a rediyo soja sun koma bariki. Jama'a na ta murna, ni kuwa da na ga irin wannan rana shekara ashirin da suka wuce, addu'a kawai nake taya su da ita.

Ka san ni ba mai yawan rubutu ba ne, kuma wannan ce takarda ta uku da na soma, biyun farko na yage su. Maganar ta shafi 'yarka Zulaihat, wadda muka haifa ni da Binta, ta kuma shafi ɗan gizagon mahaifiyarmu Inna Larai, Allah Ya jiƙanta, wanda ta yi fiye da shekara arba'in tana sassaƙo magani da shi. Ba ka manta ba, ranar sadakar bakwai ɗinta ka ɗauke shi daga ƙarƙashin gadonta ka sa a jakarka, ka ce wannan al'amari an binne shi tare da ita, domin mai yi wa itace sallama yana wasa ne a bakin ramin shirka. Na yi shiru a ranar. Ka ɗauki shiruna a matsayin yarda, kuma ba ka yi kuskure ba.

Ni ma ina da nawa laifin, wanda ban taɓa faɗa maka ba. Lokacin da nake karatun ilimin tsirrai a jami'a, na zaunar da Inna hutu biyu ina rubuta abin da ta sani. Na cika littafi guda da sunayen itatuwa, da ɓangaren da ake ɗiba, da yadda ake jiƙawa. Amma duk sanda ta soma faɗa mini kalmomin da take yi wa itace kafin ta sare shi, sai in ɗaga alƙalami in jira ta gama, don a ganina wannan ba ilimi ba ne. Ta lura. Ta ce mini, tana dariya, ɗan boko ya zo ɗaukar tuwo ya bar miya. Yau babu mai rai da ya san kalmomin nan gaba ɗaya, kuma ni ne sanadi.

A watan jiya Zulaihat ta same ni a zaure bayan ta taso daga aikin jinya a asibiti. Ta ce shekara uku ke nan da rasuwar Inna, amma har yanzu matan Daurawa na ƙwanƙwasa ƙofarmu suna tambayar wa aka bar wa hannun tsohuwa, ita kuma ta gaji da ce musu babu kowa. Ta ce ta yi istihara, ta yanke shawarar ɗaukar wannan hanya, ba tare da ta bar aikinta ba. Na tuna mata cewa a gidanmu ba a shiga wannan hanya da ka: wadda ta riƙe ta ce ke kai magajiyarta gindin itace ta gabatar da ita, in kuwa ta rasu, babban ɗanta ne ke miƙa gizagon hannu da hannu. Ta ce ta sani. Inna ta tafi, gizago yana ƙetaren teku, saboda haka za ta je ta gabatar da kanta da kanta, abin da take so a wurina shi ne in kai ta in tsaya daga nesa. Na nemi ta ba ni mako guda. Na ɗauki mako biyu.

Ranar Asabar ɗin da aka rantsar da sabuwar gwamnati muka tafi, da hantsi, don ta ce ranar kowa na gaban talabijin, ba mai tsayawa kallonta. Ta yi alwala, ta yi nafila raka'a biyu, ta sa farin mayafi, ta ɗauki ƙoƙo da gero tafi ɗaya a ciki, da wuƙar girkin mahaifiyarta. Muka je wurin tsohon maɗacin nan na bakin kududdufi a unguwar Daurawa, wanda Inna ke zuwa. Gidaje sun kewaye shi yanzu, da ƙyar na gane wurin. Na tsaya kamar taku ashirin. Ta cire takalmi, ta fuskanci gabas, ta yi bisimilla, sannan ta ɗora tafin hannunta a jikin itacen ta yi masa sallama. Kalmomin farko na Inna ne, waɗanda ta tsinta tana ƙarama lokacin da take bin kakarta. Da suka ƙare mata sai ta tsaya. Yaya, wannan tsayawar tata ta yi mini tsawo fiye da yadda zan iya kwatantawa, domin na san abin da ya ɓace a wurin, na kuma san hannun da ya ɓatar da shi.

Sai ta ci gaba da kalmominta. Ta faɗi sunanta da na uwarta da na kakarta. Ta ce ta zo ne baƙuwa, ba mai iko ba, kuma waraka ta Allah ce, Shi Ya sa ta a jikin itace. Ta yi alkawarin ba za ta taɓa zagaye itace da sara har ya mutu ba, ba za ta haɗa abin cutar da wani ba ko wa ya roƙe ta, kuma duk wanda ciwonsa na asibiti ne za ta kai shi asibiti da ƙafarta, ko da zai yi fushi. Wannan na ƙarshen Inna ba ta taɓa faɗar sa ba, nata ne. Daga nan ta sari ɓawo kaɗan ta gabas, kaɗan ta yamma, ta shafe wuraren da jiƙaƙƙiyar ƙasa, ta zuba geron a gindi don tsuntsaye. A daidai lokacin, daga tagar wani gida, ina jin ana karanta rantsuwar kama mulki. Na ji rantsuwa biyu a safiya ɗaya, kuma ba zan ɓoye maka ba, na san wadda zuciyata ta fi amincewa za a cika.

A hanyar dawowa na yi abin kunya. Na manta cewa wadda ta ɗebo sassaƙe ba ta magana sai ta sauke shi a gida. Tun daga Daurawa har Gyadi-Gyadi ina ta yi mata tambayoyi, ni da ake cewa sai an ja magana daga bakina, ita kuwa ta rungume ƙoƙo ba ta ce uffan ba. Da muka iso ta sauke, ta durƙusa ta ba ni haƙuri. Binta ta yi dariya har da hawaye, ta ce yau Malam ya gamu da uwarsa, ranar da bakinsa ya buɗe aka rasa mai amsa masa. Da yamma na ɗauko littafin nan na ba Zulaihat, na ce ta rubuta kalmominta a gurbin da na bari. Ban taɓa yin alfahari da wani mahaluki kamar yadda na yi da ita a ranar ba, kuma ban iya faɗa mata ba, kai nake faɗa wa.

Ba fatawa nake ba ka ba, ka fi ni karatun addini nesa. Abin da na gani da idona kawai na shaida: ba ta roƙi itace kome ba, ba ta yanka kome ba, da sunan Allah ta buɗe, da shi ta rufe. In akwai kuskure a ciki, ka faɗa mata da bakinka, za ta saurare ka. Amma wuƙar girki tana yaga ɓawo ne, ba ta fitar da shi da tsafta. Na koma na duba itacen bayan kwana biyar, raunin bai yi kyau ba. Na ce zan sa maƙeri a Unguwa Uku ya ƙera mata sabon gizago, ta ƙi. Ta ce in Baba Abdurrahman bai miƙa mata na Inna ba, za ta yi ta fama da wuƙa har tsufanta, don ba ta son ta shiga gidan kakarta ta katanga.

Saboda haka nake roƙon ka. Alhaji Garba, wanda zai kawo maka wannan takarda, zai dawo ƙarshen wata, kuma na gaya masa wataƙila a ba shi ɗan ƙunshi. Kafin ka amsa, ka yafe wa Hajiya Hasana, domin da ta zo bara ta faɗa wa Binta wani abu, Binta kuma ta faɗa mini. Ta ce gizagon yana ƙasan akwatinka, naɗe cikin tsohon mayafin Inna, kuma lokaci-lokaci kakan fito da shi ka shafa wa ƙotar mai don kada ta tsage. Yaya, abin da aka binne ba a shafa masa mai. Shekara uku kana adana shi don wani hannu, ga hannun ya samu.

Ka gaishe mini da Hajiya Hasana da kyau, da Idris da Rukayya. Binta na gaishe ku. Zulaihat ba ta san na rubuto ba, amma na san da ta sani da ta durƙusa ta gaishe ka. Allah Ya jiƙan Inna, Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Naka ƙane mai biyayya,
Mu'azu