Zaren Gilashi a Jingar Guri

Yaya Habu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya iyali, ya ƙafar taka? Inna tana lafiya.

Ka ce in bar aikin kogi in biyo ka Legas. Ba zan zo ba. Zaren gilashin da muka binne a jingar kogi a Guri yana jin motsin ƙasa, ina karanta shi da 'yar na'urar roba mai arha wadda haske ke ratsawa. Wani ɗan kwangila ya ce, "Hauwa, wannan ai kayan wasa ne." Ranar Talata na'urar ta nuna jingar tana tsagewa. Na tara manoma muka jera buhunan yashi, shinkafar Kawu ta tsira daga ambaliya.

Ka sa ni a addu'a, damina da saura. Ka gaida Anti Binta da yara.

Ƙanwarka,
Hauwa