Hujin da Ke Jikin Tsohuwar Safa

Litinin, 5 ga Mayu
Batura shida, duk sun mutu kafin caji na arba'in. Da kuwa har ɗari shida suke kaiwa. Saura wata biyu in kare digirina, kuma littafin bincikena kaf a kan magana ɗaya ya tsaya: gishirin da nake zubawa a ledar tsakiyar batir shi ke yi wa ƙarfen litiyam na cikinsa fatar da ke kare shi.

Alhamis, 8 ga Mayu
Ban canza komai ba. Baba Lahsen, mai kula da kayan ɗakin gwaji, shi ya canza safar hannu ta roba da ke jikin akwatin da muke yanka litiyam a ciki, wanda ba a so iska ta shiga ko kaɗan. Na yi masa tsawa gaban mutane. Ya ce, "Gizlan 'yata, tsohuwar huji ne da ita. Tun bara nake faɗa miki, kika ce in ji da shayina."

Juma'a, 9 ga Mayu
Na auna fuskar tsohon litiyam. Naitirojin ne, irin na cikin iska, shimfiɗe a kai. Gishirina ba shi da naitirojin. Ashe iskar garin nan namu Bengerir ce ke silalowa ta hujin tana yi mini aikin, ni kuwa ina ta karɓar yabo shekara uku. Kuskus ɗin da Inna ta dafa ko cokali ban iya kaiwa baki ba.

Asabar, 10 ga Mayu
Tsoro nake ji.

Litinin, 12 ga Mayu
Na tsaya gaban sabuwar safar da allurar mayafina a hannu. Huji ɗaya, baturan su farfaɗo, ba mai sani. Baba Lahsen ya shigo, ya dubi hannuna, ya ajiye mini shayi.
"Mayafinki zai faɗi," ya ce, ya fita.
Na mayar da allurar jikin mayafin. Garin haka na soki kunnena.

Laraba, 14 ga Mayu
Na faɗa wa Farfesa Zhor, mai duba aikina, gaskiya. Ta cire tabarau. An ɗage karewar shekara guda.

Talata, 27 ga Mayu
Mun shaƙa wa litiyam naitirojin da gangan, a aune. Caji saba'in, batirin yana nan da rai. Baba Lahsen ne ya haɗa bututun. Na rubuta sunansa a saman sabon shafin gwaji, kusa da nawa. Don dai kar in manta ne.