Tsanin da Na Saki

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jariri. Zan faɗa miki abin da ban faɗa wa kowa ba. Don Allah kar ki kira Mama tukuna.

Kin dai ji bakin Baba ya karkace. Idonsa na hagu ba ya rufuwa, in ya sha ruwa sai ya zubo ta gefe. Yana ta raha wai rabin dariyar ya ajiye wa jikansa. Ni na kasa kallonsa.

Ranar Litinin muka je asibiti. Likita ta sa shi ya ɗaga gira, ya kumbura kumatu. Ta auna jini da sukari. Ta ce ba shanyewar ɓarin jiki ba ce, jijiyar fuska ce, amma sai an san abin da ya taɓa ta. Fitilar duba kunne ta lalace, sai ta ce mu koma Alhamis. Ta tambaye shi ko ya faɗi, ko ya bugu a ka. Ta ce in haka ne ƙwayoyi ba su isa ba, sai an ɗauki hoton kai da gaggawa. Baba ya ce a'a, yana kallona.

Yaya, ya faɗi. Kwana huɗu kafin bakin ya karkace, yana gyara fankar falo, ni na riƙe masa tsani. Na ji ƙaurin tukunya, na saki na ruga kicin. Ya faɗo, bakin tebur ya dake shi a bayan kunne. Ya tashi yana cewa ba komai Auta, kar Mamanki ta ji, ba za ta bar ki ki sha ruwa ba.

Yanzu wurin ya yi baƙi, yana rufe shi da hula. Kullum da safe rigar filonsa a jiƙe take da wani ruwa fari mai ɗan jini da ke fita daga kunnensa, ni nake wankewa a ɓoye. In na yi magana ta hagunsa ba ya ji. Ina tsoro, Yaya. Saboda ni yake ƙarya, kuma ƙaryar za ta kashe shi.

Yau ban wanke rigar filon ba, tana cikin leda a jakata. Ba zan jira Alhamis ba, gobe da sassafe zan kai wa likitar. Kin san bakina mutuwa yake a gaban mutane, shi ya sa na rubuta komai a takarda. In na kasa magana, zan miƙa mata.

Ki yi mana addu'a. Ki shafa mini kan jariri.

Ƙanwarki,
Auta