Takardar Hannun Jarin Baba

Yaya,

Gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Tunda ka toshe lambata, ga wasiƙa.

Ka san babban kamfanin waya ya saye kamfanin da kake wa aiki. Hannun jarin da Baba ya bar mana a kamfanin naku da sunanmu mu biyu yake, kuma sun aiko takarda: ko mu karɓi kuɗi, ko su musanya mana da hannun jarinsu. Kuɗin nake so. Mai ginin shagona zai sayar, ya ce in ban saya ba zuwa ƙarshen wata in kwashe kekunan ɗinkina. Na sa hannu, saura kai. Ka yi alama a akwatin farko, na kuɗi, ka aika musu.

Ƙanwarka,
Auta

Auta,

Na amsa gaisuwa. Ke da kika ɗaga hannu a taron masu hannun jari aka sayar da mu, yau ni kike nema? Shekara goma sha tara ina hawa ƙarfen sabis, rana tana dafa min ƙeya, ke kina ƙarƙashin fanka kina leƙa farashi. Sabon manaja ya tara mu a ɗakin janareta, ya ce ma'aikacin da ya riƙe hannun jarinsa ya nuna yana tare da su. Kowa ya gane, rage mutane za a yi. Ba zan ba da aikina saboda shagonki ba.

Ki gaida mijin naki, na san shi ke zuga ki.

Yayanki

Yaya,

Gaisuwa, don ladabi kawai. Yau dillalin hannun jari ya gaya min akwati na biyu ka zaɓa, a saman sa hannuna. Ka cuce ni. Sai da na faɗa wa matarka cewa sun saye ku da tsada, mai saye da tsada kuwa hannun jarinsa ne ke faɗuwa. Ga shi sati uku, sulusi ya tafi. Wani mai sayar da taya ya saye shagon. Kekuna huɗu suna falona, yara na tsallake su in za su makaranta.

Ka huta lafiya, in za ka iya.

Auta

Auta,

Ina gaisuwa. Ranar Litinin aka ba mu takardar sallama, mu talatin. Manajan bai ko fito ba. Ina so mu sayar kafin ya ƙara faɗuwa, dillali ya ce sai da ke. Na yi kuskure.

Yayanki

Yaya,

Na sa hannu. Ka sayar, dillali ya aiko min rabona. Daga nan babu sauran takardar da ta haɗa sunana da naka.

Ka gaida yara.

Auta